Ku duba mana shafin da muka gina kafin ranar difens

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum manyanmu da 'yan uwa na wannan zaure. Mu biyar aka haɗa rukuni ɗaya a kwas ɗin gina shafukan intanet, 'yan aji uku ne. Mun yi shafin da ɗalibi zai nemi ɗakin haya a unguwannin bayan makaranta ba sai ya bi ta hannun dillali ba. Gidaje 43 ne a ciki, kowanne da hotonsa, kuɗin shekara, bayanin ruwa da wuta, da lambar mai gida. Saura kwana tara mu kare aikin a gaban malamai. Linkin na nan a sama, don Allah ku duba ku faɗa mana gaskiya, kar a ji nauyinmu. Magana ta biyu kuma ita ce ta fi damuna. Malam ya ce kowannenmu zai ba sauran huɗun maki a ɓoye, kuma wannan ne kashi 20 na sakamakon. Tun ranar da ya faɗi haka ba ma ga maciji da juna.

Babban Yaya: Wa alaikumus salam. Sannunku da ƙoƙari, tunanin ya yi, don ni ma dillalai sun sha ni lokacin da nake makaranta. Na buɗe a kwamfutar ofis, ya fito tsaf, har na ce yaran nan sun iya. Da na koma wayata sai labari ya sha bamban. Hoton ƙofar makarantar nan da kuka shimfiɗa a shafin farko ya kusa megabait 6. Yadda ya fito daga kyamarar waya haka kuka ɗora shi, faɗinsa fiksel 4000, alhali allon wayar da za a kalle shi bai buƙaci ko rabin rabin haka ba. Hotunan gidajen ma duk haka suke, kuma gaba ɗayansu suke saukowa lokaci guda. Ɗalibin da ya sayi datar naira 200 don ya nemi ɗaki, kafin ya ga gida na uku ta ƙare.

Na Maraɗi: Ni nan wajenmu na fi minti guda ina kallon farin allo, har na ɗauka wayata ce ta lalace. Da ya buɗe kuma sai na ga abin dariya: wajen "ɗaki" an rubuta "É—aki", wajen "ƙofa" kuma "Æ™ofa". Na ce ko sabon yare ne kuka ƙirƙiro a Najeriya ba mu da labari.

Ɗan Fagge: Wallahi a kwamfutarmu lafiya lau yake fitowa.

Babban Yaya: Ƙanena, wannan jimlar kowane mai gina shafi ya taɓa faɗinta, kuma ba ta taɓa fitar da kowa ba. A XAMPP kuke gwadawa, manhajar da ke buɗe shafi a cikin kwamfutar mai gina shi, komai yana cikin kwamfuta ɗaya, babu netwok a tsakani, dole ya yi sauri. Ku rage girman hotunan ku mayar da su WebP, tsarin hoto marar nauyi, kowanne kar ya wuce kilobait 150. Ku sa musu umarnin nan na HTML da ke hana hoto saukowa sai mai karatu ya gangaro inda yake. Sannan ku buɗe Lighthouse, ma'aunin ingancin shafi da ke cikin Chrome, ku auna shafin a yanayin waya, zai lissafo muku abin da ke jan ƙafa. Aikin yammaci ɗaya ne.

Anti Mai Zane: Bari in ɗora a kan maganar Na Maraɗi, domin ciwo biyu ne ake yawan ɗauka ɗaya. Wannan shirmen na "É—aki" ba daga salon haruffa yake ba. An ajiye rubutun da tsarin adana haruffa na UTF-8, aka zo karanto shi da wani tsari na daban, sai harafi ɗaya ya tsage gida biyu. Ku lura a shafukan da ke ɗebo bayani daga rumbun MySQL kawai yake faruwa, saboda haka ku duba inda kod ɗinku na PHP ke haɗuwa da rumbun ku sa utf8mb4, wato cikakken UTF-8 na MySQL, ku tabbata teburan ma haka suke. Ciwo na biyu yana kanun shafin farko. Salon haruffan adon da kuka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa waya ke aro su daga wani salon, sai ka ga harafi ɗaya siriri a tsakiyar masu kauri kamar baƙo a gidan biki. Noto Sans yana da su duka, kuma kyauta ne.

Amma ba wannan ya tsaya min a rai ba. Na bi shafukan nan guda biyar ɗaya bayan ɗaya, ban ga shafin intanet ɗaya ba, biyar na gani an ɗinke. Maɓallin nema kore ne a shafin farko, shuɗi a na biyu, a na huɗu kuma ya koma ƙasa can inda sai an yi ta gangarawa. Wani wuri an rubuta "Nemo", wani wuri "Bincika", wani wuri ma da Turanci aka bar shi yadda ya zo a shiryayyen samfurin shafi na Bootstrap. Kuɗin haya, wanda shi ne abin da ɗalibi ya zo gani, kun rubuta shi da ruwan toka mai haske a kan fari. Na fita tsakar gida da rana na duba, ban iya karantawa ba. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa amfani da shafukan intanet ga kowa, ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da abin da ke bayansa ya kai aƙalla 4.5 a kan 1, naku bai kama hanya ba. Ɗan Fagge, tambayata: yaya kuka raba aikin?

Ɗan Fagge: Kowa aka ba shi shafi ɗaya, Anti. Muka ce in an gama a haɗa.

Anti Mai Zane: Ai na gani a jikin aikin, ko ba ka faɗa ba.

Malamin Lab: Abin da Anti ta hango tsohon zance ne. Tun 1968 wani masanin kwamfuta, Melvin Conway, ya rubuta cewa tsarin da ƙungiya ta ƙera yakan ɗauko kamannin yadda mutanenta ke magana da juna. Mutum biyar da ba sa zama wuri ɗaya, shafi biyar marasa kama da juna za su haifa. Ina koyar da irin wannan kwas a wata makarantar, duk shekara sai na ga haka. Raba aiki shafi-shafi yana da daɗin faɗa a ranar farko domin kowa ya san nasa, babu gardama. Gardamar ce kuma ake buƙata. Da kun zauna awa biyu kun yi musu a kan launi biyu, salon haruffa ɗaya da sunan kowane maɓalli, kuka zuba su a fayil ɗin CSS guda, wato fayil ɗin da ke tsara kamannin shafi, da ba a kai nan ba.

Mai Laftof: Malam da Anti, na gode da gyara, zan yi su. Amma tunda shugaban rukuninmu Ɗan Fagge ya kawo maganar maki zaure, bari a faɗe ta a fili. Ku shiga GitHub ɗinmu, inda muke ajiye kod ɗin aikin, ku ƙirga. Komit 131 ne, wato sau 131 aka ajiye canji a aikin, 112 nawa ne. Ni na haɗa rumbun bayanai, ni na yi wurin shiga da fita daga asusu, ni na ɗora shi a saba, wato kwamfutar da ke riƙe shi a intanet, da kuɗina. Akwai daren da na kwana a shagon mai cajin waya saboda an ɗauke wuta kwana biyu. Shafukan da aka kawo min rabinsu ba sa aiki, sai da na sake su. Yanzu a ce maki ɗaya za mu samu da wanda ko buɗe fayil bai yi ba? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Babban Yaya: Tunda kai ne mai rumbun, zo nan. Na je akwatin nema na rubuta 'yan mata, ina son in ga gidajen da ake ba mata kawai. Shafin ya faɗi warwas, ya fito min da saƙon kuskure na SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, har da sunan teburinku a ciki. Ka san dalili? Wannan 'yar alamar da ke gaban "yan" ita ce SQL ke amfani da ita wajen rufe zance. Kana ɗaukar abin da mutum ya rubuta kana liƙa shi kai tsaye a cikin umarnin da ke zuwa rumbu. Ni Hausa kawai na rubuta ya karye. Wanda ya zo da mugun nufi ta wannan ƙofar zai kwashe komai, ko ya goge. Ka koma PDO, hanyar PHP ta magana da rumbu, ka yi amfani da shiryayyen umarni, wanda ke tura bayanin mai nema daban da umarnin. Kuma ina fata da password_hash, mai rikiɗa su yadda ba za a iya karantawa ba, ka ajiye kalmomin sirri.

Mai Laftof: Yaya, wannan kam ban yi ba tukuna. Na bari sai ƙarshe.

Babban Yaya: Ƙarshen ne wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na Maraɗi: Ku da kun bi rubutunmu na Nijar kun rubuta ƴan da ƙugiya a kan harafin, da ba ku tona wa kanku asiri ba. Wasa nake, ramin yana nan ko da wane rubutu.

'Yar Malumfashi: Na yi niyyar in yi shiru amma ba zan iya ba. Mai Laftof, komit ɗina huɗu ne, ban musa ba. Gidaje 43 ɗin da ke cikin rumbunka daga sama suka faɗo? Sati uku na yi ina bin lungu-lungu bayan lacca, ni da ƙanena, kuɗin adaidaita daga aljihuna. Gidaje sun fi sittin na shiga, wasu aka kore ni, wani dattijo ya ɗauka daga hukumar haraji nake ya rufe min ƙofa. Rabin gidajen nan an rubuta "ba shiga" a zaure, a cikinku huɗun babu wanda zai iya wuce nan. Ni na shiga na zauna da matan gida, su suka gaya min abin da mai gida ba zai faɗa ba: wane gida ne famfonsa sai da asuba yake kawo ruwa, wace rijiya ce ke ƙafewa a watan Afrilu, wane layi ne ruwa ke shiga ɗakuna in damina ta yi nisa. Ranar da muka fara zama, abin da kuka tsara a saka shi ne hoto da kuɗi da lambar waya, shi ke nan. Ni na dage a sa wurin tace gidaje da ruwa da kuma na mata kawai, har ka ce ina ƙara maka aiki. Duk wanda muka nuna wa shafin nan, wurin ya fara taɓawa. Wannan a wane komit za a gan shi?

Anti Mai Zane: Ƙanwata, ki riƙe littafin da kika yi rubutun nan da kyau. A wajenmu masu zane, abin da kika yi shi ne ginshiƙin aikin, sanin me mai amfani yake so kafin a zana komai. Shi ne ma kaɗai sashen da ban ga abin gyara a cikinsa ba.

Malamin Lab: Ban da abu ɗaya. 'Yar Malumfashi, masu gidajen sun san za a sa lambobinsu a intanet kowa ya gani?

'Yar Malumfashi: Wasu na gaya musu, Malam. Wasu kuma matan gidan ne suka ba ni lambar.

Malamin Lab: To a gyara wannan kafin difens. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma lambar waya na cikin abin da ta ƙunsa. Ko ba doka ma, ba daidai ba ne magidanci ya wayi gari baƙin lambobi na kiransa bai san daga ina ba. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya ki nemi izini, ki rubuta ranar da kowa ya amince. Wanda ya ƙi a cire lambarsa. Kuma kar lamba ta fito sai ga wanda ya yi rajista ya shiga.

Game da ƙirga komit kuwa, Mai Laftof, ka yi aiki, babu mai hana ka wannan. Sai dai adadin ba ma'auni ba ne. Na leƙa tarihin naku, akwai wajen ashirin a jere da sunansu "gyara", "gyara 2", "gyara na ƙarshe", "na ƙarshe da gaske". Mutum na iya canza waƙafi ya yi komit. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kai kaɗai ka san yadda rumbun nan ke aiki. In zazzaɓi ya kwantar da kai ranar difens, rukunin ya mutu. Ni in ina zaune a kwamiti ba mai yawan magana nake tambaya ba. Wanda ya laɓe a baya nake kira, in ce zo ka mayar min da wannan maɓallin ja. In ya kasa, ba shi kaɗai nake rage wa maki ba, har wanda ya riƙe aikin ya hana kowa taɓawa.

Auta: Assalamu alaikum. Ni ne wanda ake cewa ko fayil bai buɗe ba, ko kuma ɗaya daga cikinsu. Ba ni da kwamfuta, kowa ya sani. Shafin bayanin gida ni na rubuta shi, a kan laftof ɗin Mai Laftof, a ɗakinsa, da asusunsa na GitHub, saboda haka da sunansa ya fita. Sau uku ina zuwa da daddare in tarar ya fita ko yana amfani da ita. Da na samu na gama, bayan kwana biyu na duba na ga ya canza komai bai gaya min ba. Na tambaye shi me ya lalace a nawa don in koya, ya ce babu lokaci. Daga nan na janye jikina, gaskiya.

Mai Laftof: Shafinka yana fita daga allo a waya, sai an ja gefe. Kuma saura kwana biyu a nuna wa malam kashin farko. Me kake so in yi?

Auta: Ka nuna min. Minti goma ne.

Mai Laftof: Wannan kam da gaskiyarka. Ka yi haƙuri.

Babban Yaya: Don gaba, in mutum biyu suka yi aiki a kwamfuta ɗaya, akwai layin Co-authored-by da ake ƙarawa a ƙasan saƙon komit, da suna da imel, GitHub zai nuna su biyun. Na baya kuma ku rubuta a rahotonku cewa Auta ne ya fara shafin. Ɗan Fagge, kai ma ba ka tsira ba. Shugabanci ba buɗe grup a WhatsApp da tura "ina aka kwana" ba ne. Auta ya yi sati nawa ba shi da wurin aiki ba ka sani ba? Lab ɗin sashenku fa?

Ɗan Fagge: Na karɓi laifina, Yaya. Ni ina gudun rigima ne, duk wanda ya ce min yana kai sai in ƙyale shi. To amma ga na biyar ɗinmu, shi ne ainihin matsalar. Zama ɗaya ya zo, na farko. Shafin "game da mu" aka ba shi, mafi sauƙi, har yau bai kawo ba, ni na yi. Ba ya ɗaga waya. Jiya sai ga shi ya turo saƙo wai don Allah a rufa masa asiri a ba shi cikakken maki, in ya faɗi kwas ɗin nan kariyoba ɗinsa sun zama uku.

Gwaggon Zaure: Ku ba shi mana, me zai rage ku? Makinku ba zai ragu ba don nasa ya ƙaru. Ba ku san abin da yake ciki ba, wataƙila neman abin da zai ci yake. Yau gare shi, gobe ga waninsa. Haka muka yi a namu lokacin, kuma har yau muna zumunci da wanda muka rufa wa.

'Yar Malumfashi: Gwaggo, da girmanki, amma neman abinci ba ya hana ɗaga waya. Auta ba shi da kwamfuta amma ya zo. Ranar Asabar ɗin da nake yawo cikin rana na ga hotunan wancan a wajen kallon ƙwallo.

Malamin Lab: Hajiya, takardar nan shaida ce aka nema daga gare su. Malaminsu bai ga abin da ya faru ba, ya ce ku da kuka gani ku faɗa min. In suka rubuta ya yi aiki alhali bai yi ba, shaidar zur suka bayar, ko da niyyar ta alheri ce. Taimakon da ya halatta shi ne a buɗe masa ƙofa: kwana tara ba kaɗan ba ne. Ku ba shi aiki takamaimai mai ranar kawowa. Ya ɗauki shafin a waya ya nemo ɗalibai biyar da ba su taɓa ganinsa ba, ya ce kowa ya nemo ɗakin da bai wuce kaza ba mai rijiya, ya zauna ya kalla bai sa baki ba, ya rubuta inda kowa ya maƙale. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya daɗe yana cewa mutum biyar sun isa su tono yawancin matsalolin amfani da shafi. Ba ya buƙatar kwamfuta, ba ya buƙatar iya kod. In ya kawo, a ba shi makin abin da ya yi.

Gwaggon Zaure: In bai kawo ba fa, Malam? Sai a zuba ido ya maimaita shekara?

Malamin Lab: Sai ya je ya sami malaminsa da kansa ya faɗi uzurinsa. Malamai ma suna da zuciya.

Gwaggon Zaure: Wasu dai. Ni har yanzu ban gamsu ba, yaran nan za su rabu da gaba a kan maki 20. Amma ku kuka san shi.

Mai Laftof: Ni ba zan ba shi sifili ba, ba kuma zan ba shi cikakke ba. 'Yar Malumfashi, maganar da na yi ɗazu ba da ke nake ba, amma na san ta shafe ki. Ki turo min jerin waɗanda suka amince in cire sauran.

'Yar Malumfashi: Da ni kake, amma ya wuce. Zan fara kira gobe bayan azahar. Katin da zan yi kiran da shi kuma a raba biyar.

Ɗan Fagge: An amince. Asabar ƙarfe goma a lab, kowa da kowa, na yi magana da mai riƙe da makulli. Za mu fara da fayil ɗin CSS guda ɗaya kamar yadda Malamin Lab ya ce, Auta ne zai zauna a kan kwamfutar, Mai Laftof yana gefe yana faɗa masa. Na tura wa na biyar ɗin aikinsa, ya karanta bai ba da amsa ba tukuna. Anti, in mun zaɓi launukan za mu turo miki ki duba.

Anti Mai Zane: Ku turo. Biyu kawai, kar in ga na uku. Kuma ku cire hoton ƙofar makarantar nan gaba ɗaya, duk wanda zai buɗe shafin ya san kamanninta. Akwatin nema ya hau sama.

Na Maraɗi: Na sake gwadawa yanzu, da alama wani ya riga ya taɓa hotunan, don kafin in ƙirga goma ya buɗe. Amma "É—aki" yana nan daram a shafi na uku.

Mai Laftof: Na gani. An ɗauke wuta, cajina saura kashi 11. Da safe.